Ƙarfen Ƙanena da Rantsuwata

Ni ban taɓa neman lasisin rediyo ba, ban taɓa magana da Bature ta iska ba, ban ma taɓa sha'awar yi ba. Amma a ƙauyenmu Karaye, ta ƙasar Maiyama, in baƙo ya tambayi gidan mai rediyo, ƙofata za a nuna masa. Rediyon na ƙanena ne. Shi yana Jega yana shan iskar fanka, rediyon yana ɗakin marigayi mahaifinmu, ni kuma ina tsakaninsu ina bauta.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi nesa ba kusa ba, ni na fara kai shi makaranta a bayan keke. Na koyar a firamare har na ajiye alli na koma gona, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Shi kuwa karatu ya yi gaba da shi. Yana koyar da aikin lantarki a Aliero, yana haya a Jega. Tun yana saurayi ciwon rediyo ya kama shi, kuma ba irin wanda ake kunnawa a ji labaru ba, irin wanda kai ma za ka yi magana wani ya amsa maka daga wata ƙasa. Yana da takardar gwamnati, an ba shi waɗansu haruffa da lambobi da ake kiransa da su a iska, yana ji da su fiye da sunan da aka yanka masa rago.

Jega ta hana shi sakat. Kowane shago da janaretansa, ga masu walda, ga masu cajin waya, duk hayaniyarsu tana shiga rediyon har ba ya jin komai sai shuuu. Mai gidan hayarsa kuma ya ce ba a kafa masa ƙarfe a rufi. A nan ne ƙanena ya tuna yana da gidan uba.

Ya iso da mota a-kori-kura da ma'aikata, ba tare da ya shawarce ni ba. Suka haɗa bututun ƙarfe wani kan wani, suka dasa shi a tsakar gida da siminti, suka ɗaure shi da wayoyi ta kowane gefe, ɗaya ma a gindin rumbuna. Suka ɗora sola a rufi. Rediyon da batirinsa aka ajiye a ɗakin mahaifinmu, sannan aka rataye wani ɗan akwati mai layin waya a ciki a ƙusar taga mai kallon garin Andarai, don duk gidan, nan ne kaɗai sabis ɗin intanet yake tsayawa. A gindin ƙarfen ya sa aka haƙa rami, ya binne sandar jan ƙarfe da gawayi da gishiri. Ina tsaye ina kallon gishirin da zai ishe mu miya har shekara ana tura masa ƙasa.

Da suka gama ya karkaɗe hannu ya ce, “Yaya, kai ba abin da za ka yi. Daga Jega nika tuƙa shi duka.”

Ban taɓa jin alkawarin da ya mutu da wuri irin wannan ba. Kafin mako ya zagayo wayata ta zama tasa. Ina tsakiyar ban ruwa a fadama sai kira: akwatin sabis ya sanƙare, in je in kashe in kunna. Ina cin abinci sai kira: in duba ko fitilar kore ce ko ja. In ƙura ta rufe sola ni ne, in iska ta kaɗa akwatin ya juya wa Andarai baya ni ne. Da damina kuwa ya ɗora mini babban aikin, wato da zarar hadari ya haɗu in ruga in kwance kebur ɗin da ya haɗa rediyon da ƙarfen, in jefar da bakinsa waje ta taga. Shi yana Jega, ba ya ganin samaniyar Karaye. Ni ne idonsa, ni ne hannunsa, ban taɓa jin sannu ba sai dai “ka yi sauri.”

In ya hau iska, ɗakin mahaifinmu yana kulle sai ka ji wani abu a ciki yana ƙas, ƙas, fanka ta tashi da kanta. Maiɗakina ta daɗe ba ta bi ta ƙofar ba sai da bisimilla.

Wata ranar kasuwar Jega, bayan na sauke buhunan albasata, na biya gidansa don in ga abin da nake wa bauta. Na same shi a kujera, kwamfuta a cinya, abin sauraro a kunne, wayarsa a gefe tana ba kwamfutar sabis. Ya yi mini alama da hannu in zauna, kamar na zo neman aiki. Ya danna wani wuri ya shiga jero haruffansa da Turanci, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Muryar nan tana bin sabis har Karaye, ta shiga ɗakin mahaifinmu, ta hau ƙarfen da ke tsakar gidana, daga nan ta tafi inda Allah ya kai ta. Can sai wata murya ta taso cikin shuuu, ta wani tsoho. Fuskar ƙanena ta washe. Suka yi 'yar magana, bai fi a sha ruwa a ajiye kofi ba, ya cire abin kunnen yana murmushi ya ce Italiya ce.

Na ce, “Mi yac ce?”

“Ya ce yana jina sarai.”

“Kai mi kac ce?”

“Na ce ni ma ina jinai.”

“To sai mi?”

“Shi ke nan, Yaya. An yi.”

Na dube shi na dubi kwamfutar. Wato don wani tsoho a Italiya ya ce yana ji nake barin ruwa yana kwarara a fangalin albasata. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na ce Allah ya ba da sa'a, na nemi motar Maiyama. Da abin ya tsaya nan, da har yau ina kashewa ina kunnawa ina ƙunƙuni.

Ina da maƙwabci a fadama, gonarsa tana jikin tawa ta gabas. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga ta ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai da shi ke nan. Iyakarmu ciyawar gamba ce, jerin tushiya da mahaifinmu ya dasa da hannunsa. Wata shekara da ruwa ya janye muka sauka gyaran fangali, sai mutumin nan ya ce gambar ta yi tafiya. Wai an tone ta an matsar da ita cikin tasa, har jeri biyu na fangalin da nake shukawa nasa ne. Na ce gamba ba ta da ƙafa. Ya ce shi ma abin da ya ba shi mamaki ke nan.

Muka ja maganar duk rani. Da aka cire albasa, zafi ya kai inda ya kai, sai ya kai ƙara wajen mai gari. Aka tara mu a zaure, dattawa sun cika, liman yana gefe. Waɗanda suka ga dashen gambar duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi bayanina dalla-dalla. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya ce, “Ni ba ni cewa malam ya yi ƙarya. Malam babba na. Ni dai na san inda gambar take da.”

Da zagina ya yi da na jure. Wannan ladabin ne ya ɗebe ni. Na miƙe tsaye, na nuna sama, na ce, “Aradu ta hwaɗo gidana in na taɓa gambag ga!”

Liman ya sha mur ya ce Musulmi ba ya rantsuwa da abin da ba Allah ba, in nemi gafara. Na nema. Amma magana ta riga ta fita, kowa ya ji. Mai gari ya ce tunda ba shaida, iyaka ta tsaya inda take. Maƙwabcina ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce a hankali, “Na yarda, ranka shi daɗe. Ai damina na tahe.”

Wanda bai zauna a ƙauyukanmu ba zai ɗauka maganar banza ce. A wajenmu, duk wa'azin da malamai suke yi, mutane sun riƙe cewa wanda ya rantse da aradu a kan ƙarya za ta neme shi, in ba ta same shi ba ta sauka a gidansa. Inda ta sauka kuma ba a sake tambayar wa ke da gaskiya. Ni na san ban taɓa gambar ba, don haka na fito zauren da ƙarfina. Sai da na karyo kwanar masallaci na ɗaga kai, na ga ƙarfen ƙanena ya zarce kowane rufi a Karaye, yana ƙyalli a rana. Na koyar da yara a aji cewa aradu dogon abu take nema, ƙarfe kuwa ya fi komai kiranta.

Washegari na tafi Jega. Na same shi da abin kunnensa, na tsaya a kansa har ya cire. Na gaya masa duk yadda aka yi, na ce, “Ka zo ka kwantar da ƙarhen ga har kaka. In ruwa ya ɗauke ka tashe shi, ni da kaina za ni kama maka.”

Dariya ya yi. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda ake wa tsoho ce in ya faɗi abin da bai dace da zamani ba, kuma ta fi ta mugunta ciwo.

“Haba Yaya. Kai da ka riƙe alli shekara da shekaru?”

“Ban ce na yarda ba. Mutanen da nika zama cikinsu sun yarda.”

“Ai na binne jan ƙarhe gindinai. Ko ta sauko, ƙasa za ta bi. Ba abin da za ta taɓa.”

“Ba abin da za ta taɓa sai ni.”

Ya shiga yi mini karatu. Wai shekarun nan rana tana wani yanayi da ke sa murya ta yi nisa, in ya wuce sai an daɗe kafin ya dawo, wai ba zai zauna damina guda ba rediyo saboda camfin mutanen ƙauye. Ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Daga ƙarshe ya ce, “Gidan ga fa ba naka ba na kai ɗai. Ni ma ina da gado ciki.”

Ban taɓa hana shi gadonsa ba. Ni nake yaɓen katangar gidan duk shekara, ni na sake rufin ɗakin da rediyonsa ke kwana, bai taɓa aiko ko da kwano ɗaya ba. Na fito ban yi masa sallama ba.

Za a ce me ya hana in kwantar da ƙarfen da kaina. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an tara maza a kwance wayoyi a tallafe shi. Kuma ranar da na tara mazan Karaye su sauke mini ƙarfe bayan na rantse da aradu, ranar na yanke wa kaina hukunci, kowa zai ce malam ya ji tsoron rantsuwarsa. Da mai abin ne ya zo ya sauke kayansa, ba mai cewa komai. Wannan na yi ta ƙoƙarin sa shi ya gane, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

Damina ta sauka. Ban taɓa ƙin hadari ba sai a shekarar nan, ni da nake manomi. Da gabas ta yi duhu, kowa yana murna yana kwashe shanya, ni ina rugawa ɗakin mahaifinmu in kwance kebur, in fito in tsaya a baranda ina kallon ƙarfen. Ba ni kaɗai ke kallonsa ba. Na sha ganin mutane a ƙofar zaurukansu sun juyo ta gidana. In gari ya waye lafiya, maƙwabcina zai tare ni a hanyar gona da fara'arsa.

“Malam, ya munka ji da ruwa? Gida dai lahiya?”

“Lahiya lau.”

“To madalla. Allah shi ƙara tsarewa.”

Kowace safiya bayan ruwa sai ya yi mini wannan gaisuwa. Na so in shaƙe shi, amma ba a kai ƙarar mutum don ya gaishe ka.

Gero ya fara fitar da kai, har na fara cewa a raina an kusa tsallakewa. Ran nan bayan azahar zafi ya yi nauyi, iska ta tsaya cak. Kafin la'asar hadari ya taso ta wajen Andarai, baƙi ƙirin, yana tafe da sauri. Na shiga ɗakin na tarar rediyon yana aiki, ƙas, ƙas, fanka tana juyawa. Da ma ya hana ni kwance kebur in yana kan magana, wai hakan yana ƙona rediyon. Na kira shi ya katse. Na sake kira ya sake katsewa, don wayar da nake kira ita ke ba kwamfutarsa sabis, kirana yana yanke masa hira. Na jira ƙas ɗin ya yi shiru, na kwance kebur ɗin na wurga shi ta taga.

Ban kai baranda ba wayata ta yi ƙara.

“Yaya, wa yac ce ka cire? Ina tsakiyar magana da mutumin wani tsibiri da nika nema tun bara!”

“Hadari na bisa kanmu.”

“Wane hadari? Nan rana kwal! Don Allah ka maida, ko na ɗan lokaci.”

A lokacin ne aradu ta sauko. Ban ga saukowarta ba. Tsakar gidan ce ta yi fari fat, ƙarar kuma ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji. Na tsinci kaina zaune a ƙasa, bayana a jikin bango, kunnuwana suna kuka. Warin ƙuna ya cika gidan. Wayar da aka ɗaure a gindin rumbuna ta tsinke tana hayaƙi, simintin gindin ƙarfen ya tsage, kajin maiɗakina sun watse. Ita kuma tana ƙofar kicin riƙe da muciya tana salati ba ƙaƙƙautawa. Ba wanda ya ji ciwo. Sannan ruwa ya ɓarke.

Wayata tana hannuna har lokacin, muryarsa tana fitowa ƙarama. Na kai kunne na ce, “Ta sauko.”

Ya ce, “Kebur ɗin yana waje? Ka tabbata ka cire kahin nan?”

Wannan ce tambayarsa ta fari. Daga baya ya tambayi lafiyarmu, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ni ta farin na riƙe. Rediyonsa ko ƙwarzane bai yi ba, ni na cece shi da hannuna.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba ƙofar gidana ta cika. Ba wanda ya shigo. Suna tsaye daga bakin zaure suna leƙe, maza a gaba, mata ta kan katanga. Wata tsohuwa daga rugar Fulani da ke bayan gari ta zo da ƙwaryar madara, don a al'ada ba a taka inda aradu ta sauka sai an zuba mata madara ta huce. Na ce ba na so. Maiɗakina ta riƙe mini riga ta ce in bari, in ba haka ba ba mai sake cin abincin gidanmu. Na bari. Ina kallo aka kwarara madara a gindin ƙarfen ƙanena, a kan gishirinsa da gawayinsa.

Maƙwabcina ya zo daga baya. Bai ce komai a kan gona ba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar, ya ce, “Allah shi kyauta, malam. Allah shi rufa muna asiri duka.” Mutane suka amsa da amin mai ƙarfi.

Ran Juma'a liman ya yi huɗuba a kan camfi, ya ce aradu halittar Allah ce, ba alƙali ba ce. Kowa ya gyaɗa kai. Aka fito, waɗanda suka saba tsayawa mu taɓa hira suka miƙo hannu suka wuce. Da ni ake kira shaidar ɗaurin aure, ni ake kira in an sayar da gona in tsaya a kan iyaka. Tun daga ranar ba a sake aiko mini ba. Mai gari bai kira ni zaure ba, bai kuwa buƙaci kira ba, ya dai aiko a gaya mini cewa don zaman lafiya in bar wa mutumin nan jeri biyun in rani ya zo. Na aika masa cewa ban yarda ba. Ba a dawo mini da amsa ba.

Sai bayan nan ƙanena ya zo, da ma'aikatansa. Abin da na roƙe shi kafin damina, yanzu ya yi shi cikin rabin yini: suka kwance wayoyi, suka kwantar da ƙarfen, suka jingine shi a bayan ɗaki. Da ya ji abin da ake faɗi a gari ransa ya ɓaci sosai, ya ce sai ya yi wa dattawa bayani. Aka zauna a zauren mai gari bayan la'asar. Gaskiya ya yi magana mai kyau. Ya zana ƙarfe a ƙasa da tsinke, ya zana gajimare, ya nuna yadda wuta take bin dogon abu ta sauka. Ya ce ko gidan wa aka kafa wannan ƙarfe haka za ta faru, laifin nasa ne, yayansa ya gargaɗe shi bai ji ba. A gaban mutane ya faɗi haka. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ashe dai jini ɗaya ne.

Dattawa suka saurara har ya gama. Sai wani tsoho ya gyara zama ya ce, “Malam ƙarami, mun ji, Allah shi ƙara ilimi. To giginyar bayan masallaci ba ta hi ƙarhenka tsawo ba?”

“Ta hi shi.”

“Kuma bara ƙarhen yana nan, anka yi damina anka ƙare, ba ta sauko ba?”

Ƙanena ya ce wannan dace ne kawai, ba a sanin ranar da za ta zaɓa.

Tsohon ya ce, “To ai mu ma abin da muka cewa ke nan. Zaɓe takai.”

Aka shafa fatiha aka tashi. Maƙwabcina ya riƙe hannun ƙanena da hannu biyu ya yi masa godiyar bayani.

Ya ce zai tafi da rediyon, wani abokinsa a Aliero yana da fili a bayan gari. Ban hana shi ba. Motar ma'aikatan ta riga ta wuce da ƙarfen da sola da batir, shi zai hau mashin zuwa Maiyama. Na ɗauko masa kwalin rediyon da kaina na raka shi bakin hanya. Muna tafe ta gefen gonakin gero. Na yi niyyar in ce masa ya wuce, ya yi abin da zai iya, mu bar maganar. Har na buɗe baki.

Sai ya rage tafiya, ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, ya matso ya yi ƙasa da murya.

“Yaya, tsakanina da kai dai, ba mai ji. Gambar nan... ba ka ɗan taɓa ta ba ko?”

Na tsaya. Na dubi mutumin da ya gama zana gajimare a ƙasa, wanda ya san ƙarfen wa ya kira aradun, wanda ya ji saukarta ta cikin wayata. Na jure wa tsohuwa da madararta, na jure wa mai gari, na jure gaisuwar maƙwabcina damina guda. Wannan ban iya jurewa ba. Na sauke kwalin a ƙasa, a tsakiyar hanya, cikin taɓo.

Na ce, “Ka tahi ka tambayi na Italiya. Shi ka jinka sarai.”

Na juya. Ya kira ni, Yaya, Yaya, ban waiwaya ba. Na ji tashin mashin ɗin bayan na kai kwanar masallaci.

Da rani ya zo na sauka fadama na tarar an riga ni. An tone gambar mahaifinmu, an dasa ta jeri biyu cikin tawa, har an ja fangali an zuba iri. Wannan karon da gaske ta yi tafiya, da rana tsaka, kuma duk Karaye ba wanda ya gani. Na tsaya a kanta na rasa wanda zan kira shaida.

Ƙanena yana kira lokaci-lokaci, maiɗakina ce take ɗauka. Na ji ya kafa ƙarfensa a Aliero, har ya samu mutumin tsibirin nan. Albasar da maƙwabcina ya shuka a jeri biyun ta yi kyau ƙwarai, don ni na sa wa wurin taki. Ta gefenta nake bi kowace safiya in tayar da injin ban ruwa.